Kabon na 11: dalilin da man gyaɗa ke riga man kaɗe lalacewa

A ɗauki kwalbar man waken suya da kwalbar man gyaɗa da gwangwanin man kaɗe, a jera su a kanta ɗaya, zafin bazara ya bi ta kansu baki ɗaya. Na waken suya ne zai fara sauya wari, ya koma kamar warin tsohon fenti. Na gyaɗa zai biyo baya, garɗinsa ya gushe, ya soma yi wa mutum maƙaƙi a maƙogwaro. Man kaɗe kuwa, in an dafa shi da kyau ruwa ya fita, yana iya kai shekara yana nan yadda yake. Iska ɗaya suka sha, zafi ɗaya ya dake su. Abin da ya raba su yana cikin ginin ƙwayoyinsu, kuma wuri ne ƙarami da za a iya ɗora masa yatsa a kan zane.

Duk man da ake ci, na tsiro ko na dabba, tushen gininsa ɗaya ne. Akwai ƙaramar ƙwaya mai suna gilisarin, mai hannu uku, kowane hannu yana riƙe da doguwar sarƙa da ake kira asid ɗin mai. Bafaranshen nan Michel Chevreul ne ya fara nuna cewa kitse haɗin gilisarin ne da waɗannan asid, aikinsa ya fito a 1823. Atam su ne ƙananan tubalan da ake gina ƙwaya da su, sarƙar kuwa jerin atam ɗin kabon ce, galibi 16 ko 18, haidurojin ya cike sauran gurabun. Kabon hannu huɗu gare shi. In ya riƙe maƙwabcinsa da hannu ɗaya, ƙulli ɗaya ke nan, kuma sarƙar da duk ƙullinta haka yake ana cewa ta ƙoshi, don ba ta da gurbin ƙarin haidurojin. In kabon biyu suka riƙe juna da hannu bibbiyu, an sami tagwayen ƙulli.

Asid huɗu masu kabon 18 sun isa su bayyana kusan komai. Istiyarik ba shi da tagwayen ƙulli ko ɗaya, yana narkewa a kusan digiri 69 na ma'aunin Salshiyas. Oleyik yana da ɗaya, tsakanin kabon na 9 da na 10, yana narkewa a kusan digiri 13. Linoleyik yana da biyu, yana narkewa a digiri 5 ƙasa da sifili. Linolenik mai uku sai an kai digiri 11 ƙasa da sifili yake daskarewa. Tsawonsu ɗaya, amma kowane tagwayen ƙulli yana lanƙwasa sarƙar kamar gwiwar hannu. Miƙaƙƙun sarƙoƙi suna jeruwa su matse kamar daurin kara, shi ya sa man kaɗe da kitsen rago ke daskarewa. Lanƙwasassu ba sa jeruwa, sai man ya zauna ruwa-ruwa.

A nan ya kamata a wanke man gyaɗa daga wani zargi. Idan ya yi barci da hunturu, ya yi gajimare ko ya yi gudaji a gindin kwalba, lafiyarsa lau. Yana ɗauke da 'yan dogayen sarƙoƙi ƙosassu masu kabon 20 da 22 da 24, su ne ke fara daskarewa in sanyi ya sauko. A sa kwalbar cikin ruwan ɗumi, zai warware.

Babban abin da ke lalata mai a ajiya shi ne iskar oksijin. To ina take kai hari? Mutane da yawa, har da ɗaliban kimiyya, suna zaton kan tagwayen ƙullin take sauka kai tsaye. A lalacewar yau da kullum, wurin da ke fara karyewa shi ne haidurojin ɗin da ke kan kabon maƙwabcin tagwayen ƙullin. Ƙarfin da ake buƙata don fizge haidurojin daga kabon na tsakiyar ƙosasshiyar sarƙa ya kusa 100 a ma'aunin ƙarfin ƙulli, wato kilokalori a kowane mol. A kabon da ke gefen tagwayen ƙulli ɗaya, ya sauka zuwa wajen 88. A kabon da tagwayen ƙulli biyu suka sa a tsakiya, ya faɗo zuwa tsakanin 75 da 80. A cikin linoleyik, tagwayen ƙulli na farko yana kan kabon na 9 da na 10, na biyu yana kan na 12 da na 13. Kabon na 11 yana zaune a tsakaninsu, kuma shi ne ƙofar da ɓarna ke shigowa.

Dalilin rauninsa abin lura ne, domin zai sake dawowa a gaba. Idan aka fizge haidurojin daga kabon, ana barin ilektoron guda, ɗaya daga cikin biyun da ke riƙe ƙullin, ba shi da abokin zama, gwauron ilektoron, kuma ƙwayar da ke ɗauke da shi ita ake kira radikal. A ƙosasshiyar sarƙa, kabon ɗaya ne zai ɗauki wannan nauyi shi kaɗai, don haka samuwarsa tana da wuya. A linoleyik kuwa, gwauron yana bazuwa a kan kabon biyar, daga na 9 zuwa na 13, kamar buhun masara da mutum biyar suka tallafa. Tunda abin da zai rage bayan fizgewar yana da sauƙin ɗauka, fizgewar kanta ta zama mai arha. Sakamakon a ma'aunin gwaji shi ne linoleyik yana shan oksijin da saurin da ya ninka na oleyik fiye da sau goma, linolenik kuma, da yake irin wannan ƙofa biyu gare shi, a kabon na 11 da na 14, yana ninka saurin linoleyik kusan sau biyu. Istiyarik a zafin ɗaki kusan ba ya motsi.

Da zarar radikal ɗaya ya samu, abin sai ya zama kamar wutar daji a busasshiyar ciyawa. Radikal ɗin yana kama oksijin a kabon na 9 ko na 13. Sabuwar ƙwayar da ta fito ita ma radikal ce, sai ta fizgi haidurojin daga kabon na 11 na maƙwabciyarta. Ita ta zama feroksaid, maƙwabciyar ta zama sabon radikal, aka sake zagayowa. Masu bincike a Ingila, irin su Bolland da Gee, ne suka tsara matakan nan a shekarun 1940. Feroksaid ba shi da wari kuma ba shi da ɗanɗano. Shi ya sa mai ke yaudarar mutum: ya yi makonni ko watanni yana tara feroksaid, hanci bai ji komai ba. Daga baya feroksaid ɗin ya tsage, sarƙar ta gutsure zuwa ƙananan ƙwayoyi masu tashi a iska. In na kabon 13 ne ya tsage, wutsiyar mai kabon shida tana ɓallewa ta zama heksanal, wanda shi ne babban mai alhakin warin tsohuwar gyaɗa da tsohon ƙuli-ƙuli. Tsagewar kuma tana haifar da sababbin radikal biyu daga ƙwaya ɗaya, don haka lalacewa tana farawa da jan ƙafa, sannan ta kwasa da gudu.

Darasin aikin da ke cikin wannan yana da tsada ga mai sana'a. Ragowar tsohon mai a gindin jarka cike take da feroksaid. In aka juye sabon mai a kanta, an ba shi irin wutar ne tun ranar farko, an yanke masa lokacin jan ƙafar da shi ne ainihin tsawon rayuwarsa a kasuwa. Jarkar da za a sake cikawa a wanke ta da sabulu da ruwan zafi, a kife ta ta bushe ƙarau. Wadda cikinta ya yi danƙo mai ruwan ƙasa da ba ya fita, a cire ta daga aikin man abinci.

Yanzu a duba mayukan da ke kasuwa da wannan ido. Man kaɗe galibinsa istiyarik ne da oleyik, kowanne wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, linoleyik ɗinsa bai cika wuce kashi 5 zuwa 8 ba. Manja yana da falmitik, ƙosasshiyar sarƙa mai kabon 16, kusan kashi 44, oleyik kusan 40, linoleyik kusan 10. Man gyaɗa na irin da aka saba shukawa yana da oleyik wajen rabi, linoleyik wajen kashi 30. Man waken suya ya haura kashi 50 na linoleyik, ga linolenik kashi 7 zuwa 8 a kai. Jerin lalacewarsu a kan kanta ya bi wannan jerin sak, na ƙarshe shi ke fara lalacewa. A ɗakin gwaji ana taƙaita shi da lamba ɗaya, lambar aidin, wato giram nawa na aidin giram 100 na mai zai sha, tunda aidin kan tagwayen ƙulli yake maƙalewa. Man kwakwa bai wuce 10 ba, manja 50 zuwa 55, man gyaɗa wajen 85 zuwa 105, na waken suya 124 zuwa 139. Lambar tana da giɓi ɗaya: tana ƙirga tagwayen ƙulli ne gaba ɗaya, ba ta bambanta oleyik biyu da linoleyik ɗaya, alhali ta fuskar jurewa tazararsu nesa ce. Wanda zai sayi mai da yawa ya fi kyau ya nemi sanin kason linoleyik da linolenik.

Man riɗi ya saɓa wa jerin, kuma saɓawarsa tana koyarwa. Linoleyik ɗinsa ya haura kashi 40, ya fi na gyaɗa, amma ya fi man gyaɗa jure ajiya. Riɗi yana ɗauke da sesamin da sesamolin, kuma in an soya shi sesamolin yana sakin sesamol. Sesamol, da bitamin E da ke cikin yawancin mayukan tsiro, da abubuwan da kamfanoni ke zubawa irin su BHT da TBHQ, duk gininsu ya yi tarayya a abu ɗaya: zobe mai kabon shida da oksijin da haidurojin a rataye a gefensa. Wannan haidurojin ɗin ya fi na kabon 11 saurin miƙa kansa ga radikal. In ya tafi, gwauron ilektoron da ya rage yana bazuwa cikin zoben, ya yi laushi har ba ya iya fizgar komai daga kowa. Wato bazuwar da ta raunana linoleyik ita ce dai ta mai da waɗannan masu kashe gobara. Sai dai kowace ƙwaya radikal ɗaya ko biyu take iya tarewa, daga nan ta ƙare. Iyakar TBHQ da aka amince da ita miligiram 200 ce a kilo ɗaya na mai, kuma amfaninsa a sabon mai ne. Zuba shi a man da ya riga ya yi wari asarar kuɗi ce, domin ba ya mai da feroksaid baya, ba ya kuma cire heksanal.

Abubuwan da ke hanzarta ɓarna ba sa ƙirƙirar rauni, wanda ke nan suke faɗaɗawa. Zafi shi ne sananne: kowane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin kusan sau biyu, don haka shagon kwano mai kai digiri 40 da rana yana cin ran mai sau huɗu fiye da ɗaki mai digiri 20. Ƙarfe ya fi zafi dabara. Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe suna tsaga feroksaid su mai da shi radikal, su kuma ba sa ƙarewa. Ƙa'idar Codex, wadda hukumomin abinci na duniya ke bi, ta sa iyakar jan ƙarfe a tataccen mai miligiram 0.1 a kilo, baƙin ƙarfe 1.5. Ƙanƙantar lambobin ta isa ta nuna haɗarin famfon tagulla a bakin tanki, ko duro mai tsatsa, ko garin ƙarfen da haƙoran injin niƙa ke zubarwa. Matatun mai suna zuba ɗan asid ɗin lemun tsami a ƙarshen aiki don ya rungume ƙarfen ya hana shi aiki. Wannan ma shi ne dalilin da kilishi ke saurin sauya ɗanɗano in ya daɗe: man tunkuza ya shimfiɗu siriri a fili, ga ƙarfen da ke cikin nama a manne da shi.

Haske nasa salon daban ne, kuma shi ne abin da ya fi damuna a kasuwanninmu. Ɗanyen mai yana ɗauke da ɗan koren launin ganye. Wannan launi yana shan hasken rana ya miƙa wa oksijin ƙarfin, oksijin ya koma wani yanayi mai zafin nama da ke afka wa tagwayen ƙulli kai tsaye, ba ya jiran a fizge haidurojin, da saurin da ya ninka na oksijin ɗin yau da kullum fiye da sau dubu. TBHQ ba ya tare wannan hanya. Dubi teburin mai sayar da man gyaɗa a bakin titi: fararen robobi a jere, rana ta ratsa su suna ƙyalli kamar zuma, wasu rabi mai rabi iska, robar ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Haske da zafi da iska sun haɗu a kwalba ɗaya. Kwalba ɗaya ta talla a waje ta isa, sauran su zauna cikin kwali a inuwa, a cike har wuya, murfi a ɗaure. Kamfanoni har iskar naitirojin suke hura wa sararin da ke saman mai kafin su rufe.

Akwai rauni na biyu a ginin mai, wanda bai shafi tagwayen ƙulli ba, kuma shi ke kama mayukan da suka tsira daga na farko. Mahaɗar da ke tsakanin gilisarin da kowace sarƙa ruwa yana iya kwance ta, musamman in akwai zafi ko wani sinadarin halitta mai suna lifes, wanda ke cikin 'ya'yan itace da ƙwayoyin cuta da fumfuna. In ta kwance, asid ɗin ya fita shi kaɗai. Ɗanyen man shanu yana da ruwa wajen kashi 16 cikin ɗari, kuma cikin sarƙoƙinsa akwai gajera mai kabon huɗu, butirik, wadda in ta kuɓuce warinta ba ya ɓoyuwa. Soya man shanu da ake yi a gida maganin wannan ne daidai: ruwa ya ƙone, lifes ya mutu, dusar nono ta kwanta a tace ta. Alayyadi da man kwakwa in suka sha ruwa ɗanɗanon sabulu suke yi, saboda lorik mai kabon 12. Kwakwar manja kuwa da zarar ta ƙuje lifes ɗinta ya fara aiki, shi ya sa manyan matatu ke turara ta da tururi cikin kwana ɗaya da sarewa, kuma cinikin ɗanyen manja ya tsaya a kan kada sakakken asid ya wuce kashi 5 cikin ɗari.

Masu ƙuli-ƙuli suna zuba ruwan zafi a niƙaƙƙiyar gyaɗa suna tuƙawa har mai ya taso, don haka man yana fitowa da ruwa da dusa. Iyakar ruwa da Codex ta sa kashi 0.2 cikin ɗari ce. A ɗora man a wuta marar ƙarfi ya ɗan haura digiri 100, wajen 105 zuwa 110, a riƙa juyawa. Muddin yana ƙara ƙas-ƙas yana kumfa, akwai ruwa. Da ya yi shiru a sauke, kada a jira hayaƙi. A rufe shi ya huce, ya kwana dusa ta kwanta, a tsiyaye na sama ta ƙyalle mai tsabta. Dusar nan ita ke riƙe ruwa da ƙarfe, barin ta a gindin jarka barin cuta ne.

A kaskon suya raunin biyu suna haɗuwa. Ƙosai da doya suna zuba ruwa cikin mai mai zafin digiri 170 zuwa 180, iska tana kaɗa samansa. Sakakken asid yana ƙaruwa, sai man ya fara hayaƙi a zafin da a da ba ya yi. Gilisarin da aka sako yana ƙonewa ya zama akrolin, hayaƙin nan mai sa hawaye. Radikal suna ɗinke sarƙoƙi da juna, man ya yi kauri, kumfarsa ta ƙi kwanciya, baƙin danƙo ya kama gefen kasko. Ƙasashen Turai da dama sun ce a zubar da mai in lalatattun ƙwayoyinsa sun kai kashi 24 zuwa 27 cikin ɗari. Mai ƙosan da ke ciniki da sauri, tana ƙara sabon mai akai-akai, manta ya fi na wadda kaskonta ke zaune a wuta babu komai a ciki. A tsame ɓurɓushi da matsami kafin ya ƙone, a rage wuta in babu suya, a tace da yamma a rufe.

Wanda ke da ɗakin gwaji zai iya auna feroksaid tun hanci bai ji ba. A auna giram 5 na mai, a narkar da shi a mililita 30 na haɗin asid asetik kashi uku da kulorofom kashi biyu, a wurin da ke da mazuƙar iska. A zuba rabin mililita na ƙosasshen ruwan fotasiyam ayodaid, a girgiza minti ɗaya daidai, a ƙara ruwa mililita 30. Feroksaid zai saki aidin. A riƙa ɗiga sodiyam tayosalfet mai ƙarfin 0.01 N har rawayar ta kusa gushewa, a sa ruwan sitaci ya yi shuɗi, a ci gaba har shuɗin ya ɓace. A maimaita babu mai, wato gwajin banza, a debe abin da ya ci. In mai ya ci mililita 4.2, gwajin banza ya ci 0.2, to 4 sau 0.01 sau 1000 a raba da 5, lambar ta zama 8. Iyakar Codex 10 ce ga tataccen mai, 15 ga ɗanye. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Tsohon ruwan ayodaid da ya yi rawaya, ko barin kwalbar a haske fiye da minti ɗaya, yana kumbura lambar. Na biyun ya fi haɗari: lambar feroksaid tana hawa ne sannan ta sauko, don haka man da ya gama lalacewa yana iya nuna 3 ko 4. Dole a haɗa da gwajin anisidin, mai auna gutsattsarin da suka biyo baya, a kuma shinshina.

Masana'antu sun daɗe da gane cewa in aka cike tagwayen ƙulli da haidurojin, an toshe ƙofar. Bajamushe Wilhelm Normann ya yi rajistar hanyar a 1902, da nikel a matsayin mai hanzartawa, kuma a 1911 Crisco, daskararren man girki da aka yi ta wannan hanya, ya shiga kasuwar Amurka. Matsalar ita ce in aka tsaya a rabin hanya, wasu tagwayen ƙullin suna juyewa, gwiwar ta miƙe. Oleyik mai narkewa a digiri 13 ya koma elayidik mai narkewa a wajen 45, atam ɗinsu iri ɗaya, yawansu ɗaya, fasali kawai ya sauya. Wannan shi ne kitsen tirans, mai ƙara haɗarin ciwon zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi daga abinci, da iyakar giram 2 cikin giram 100 na mai, kuma NAFDAC ta ɗauki wannan iyaka a Najeriya.

Hanyar da ta fi tsabta ta fito ne daga gona. A 1987 masu bincike a Jami'ar Florida suka ba da rahoton wani irin gyaɗa da oleyik ɗinsa ya kai kusan kashi 80, linoleyik ya faɗo ƙasa da kashi 5, saboda sinadarin da ke saka tagwayen ƙulli na biyu a kabon na 12 ba ya aiki a cikinsa. Gyaɗar da manta suna jure ajiya ninki da yawa fiye da na gama-gari, ba tare da nikel ko TBHQ ba. A ido ba a bambanta ta da sauran gyaɗa, don haka mai matsar da ya sami irinta ya ware mata buhu da rana ta niƙa daban, ya wanke injin kafin ya zuba, domin kwano kaɗan na gyaɗar gama-gari ya isa ya ɗaga linoleyik ɗin duk jarkar.